Babban Fayil Ɗin Abdulgani

A iya sanin Zuhaira, ita kaɗai ce mai rubuta manhaja a duk faɗin Tanut. A Yamai ta yi karatun, ta dawo gida lokacin da ciwon ƙafa ya kwantar da mahaifinta, Malam Tanko. Wata ƙungiyar makiyaya ta ɗauke ta aiki, aka ba ta tebur a ƙuryar biro, wato ofis, kusa da firijin alluran dabbobi.

Ba ita ta fara manhajar ba. Abdulgani ne, wani ɗan Damagaram mai yawan raha, wanda suka yi damina guda suna aiki tare kafin ya samu wani aikin a Yamai ya tafi. Da manhajar ma'aikata ke shigar da bayanin rijiyoyi da garkunan da aka yi wa rigakafi, tun daga Tarka har Tenhiya.

Kowane abu da manhajar ke ajiyewa yana da model ɗinsa, wato rubutun da ke fayyace siffarsa: rijiya na da suna da zurfi, garke na da mai shi. Abdulgani ya zuba su duka a fayil ɗaya. Fayil ya yi ta kumbura, har ya zamana in Zuhaira na neman rijiya sai ta ratsa raƙuma da awaki tukuna. Ranar da ta taɓa layin zurfin rijiya shafin rigakafi ya tsaya cik, ta ce abin ya isa haka.

Ta buɗe sabuwar jaka a ordinatar, wato kwamfutar, ta fara ware su: makiyayi da fayil ɗinsa, garke da nasa, rijiya da nata. Nan da can tana cin karo da ƴan kalmomin da Abdulgani ya bari tsakanin layuka. A wani wuri ya rubuta, "Kar ki taɓa nan, ni ma tsoronsa nake ji." Ta tuntsire da dariya, ta waiwaya don ta nuna wa wani. Ba kowa. Duk sun fita daji aikin allura, sai gurnanin firiji.

Da ta gwada, manhaja ta ƙi tashi. Fayil ɗin garke yana jiran na makiyayi, na makiyayi yana jiran na garke, an yi cirko-cirko. Ta yi fama har azahar, sannan ta ɗauki waya.

"Zuhaira! Ya Tanut? Ya jikin Baba?" in ji Abdulgani. Tana jiyo hayaniyar abokan aikinsa, wani yana gardama kan wani kuskure, ana ƙyaƙyatawa.

"Da sauƙi. Na wargaza maka fayil ɗinka, yanzu garke da makiyayi sun riƙe wuyan juna."

"Kai, kin yi jarumta! Kar ki jawo fayil ɗin makiyayi cikin na garke. Ambaci sunansa kawai, zai nemo shi da kansa."

Ta so ta ba shi labarin dariyar da ya sa ta, amma ya riga ta. "Ana kirana, ma yi magana an jima."

Bai kira ba. Shawarar dai ta yi, manhaja ta tashi sumul.

Da la'asar Madam Raliya, shugabar biron, ta dawo daga Balbeji a gajiye. Zuhaira ta juya mata ordinatar. Madam ta danna nan, ta danna can.

"To, me ya canja?"

"Daga waje ba kome, Madam. Ciki ne aka gyara."

"Madalla, tunda bai lalace ba," ta ce, ta wuce neman ruwan alwala.

A gida Zuhaira ta tarar da Malam Tanko a kan tabarma, ya miƙe ƙafa a inuwar katanga. Ta kawo masa fura.

"Uwata, me kika yi yau?"

Ta fara ba shi labarin fayiloli, ta ga idonsa ya tafi wani wuri, sai ta yi shiru.

"Ci gaba mana," ya ce. "Ban gane ko ɗaya ba, amma tun safe ban ji muryar mutum ba."

Ta tuɓe takalmi, ta zauna a bakin tabarmar, ta ci gaba.