Shelar da Ta Zagayo Nahuce

A shekarar 1956 aka yi bikin nunin amfanin gona a Gusau, audugar Sabiru mutumin Nahuce ta zo ta ɗaya, aka damƙa masa kyautar kuɗi gaban jama'a. Kafin ya iso gida mutanen garinsu sun gama kashe masa su da baki. Wasu suka ce keke, wasu suka ce shanun huɗa. Haka mutane suke da kuɗin da ba su yi wa gumi ba.

Abin da ke ran Sabiru daban ne. Matarsa Maijidda ta gaya masa cewa ranar da zazzaɓi ya kwantar da uwarsa, Inna Hasana, tana yi mata wanka sai hannunta ya taɓa ƙullutu mai tauri a mamanta na hagu. Da haka ciwon Usaina, 'yar tagwaicin Inna, ya fara. Aka ce ciwon daji ne, kuma daji ba ya son asibiti. Aka yi turare, aka yi shafe-shafe, ba ta ga damina ta gaba ba.

To, Sabiru ɗan fari ne. Tun da aka haife shi uwarsa ba ta taɓa kiran sunansa ba, "wancan" take ce masa. In ya shigo gaishe ta, bango take amsa wa. Ita kuma Maijidda suruka ce, ba ta da bakin wannan magana. Kunya abu ne mai kyau, amma a gidan nan ta tasam ma kashe mutum, kowa kuwa yana ganin ladabi yake yi.

Sabiru ya koma Gusau wajen Rifkatu, ma'aikaciyar jinya, matar Markus akawun tashar jirgi da ya saba da shi wajen lodin auduga. Ta saurare shi, ta ce, "Ba kowane ƙullutu ne daji ba, likita ne zai gane. In ma shi ne, in an zo da wuri ana yankewa. Ka kawo ta."

"Ba ni iya gaya mata."

"Malam Sabiru, uwarka ce fa."

"Shi ya sa."

Daga can ya nemi Bawa maroƙi, mai shela a kasuwanni. Ya ce masa zai biya shi ya faɗi maganar Rifkatu da ganga, ya ƙara da cewa duk macen da za ta je asibiti an biya mata kuɗin mota, wadda aka tura Zariya kuma an biya mata na jirgi.

Bawa ya ce, "Wanga aiki mai sauƙi ne. Gobe ina Nahuce."

"A'a. Tsafe za ka fara."

"Tsafe? Wa gare ka Tsafe?"

"Ba kowa. In ka fara da Nahuce, gari duka zai juyo ya kalli gidanmu, Inna kuma ba ta sake fitowa. Sai maganar ta tsufa a bakin duniya tukuna. Kuma kada ka faɗi sunana."

Bawa ya ajiye makaɗin gangarsa. "Ka ba maroƙi kuɗi, ka hana shi faɗin sunanka? To mi zan ce tsakanin magana da magana?"

"Ka yi numfashi."

Ranar kasuwar Tsafe Bawa ya tsaya tsakanin 'yan koli da masu daddawa, ya buga ganga, ya ce, "Jama'a, ku ji! Wani bawan Allah, ɗan wani, jikan wani, ya ce in gaya muku: macen da ta ji ƙullutu a mama, ko ba ciwo, ta tafi asibiti Gusau! Mace ce za ta duba ta! Kada a bari sai ya fashe! Mota kyauta!"

Maza suka yi dariya, wani mahauci ya ce, "Bawa, yunwa ta kai ka nan?" Mata suka sunkuyar da kai kamar ba su ji ba. Sun ji. A makon nan wata tsohuwa ta hau mota, ta ce gishiri za ta sayo Gusau.

Daga Tsafe sai Mada, sai Gusau, sai Bungudu, sai Kekun Waje. Masu sayen gishiri suka yi yawa. Wasu aka ce musu ba komai, suka koma gida suna fushi an tada musu hankali a banza. Wasu aka tura su Zariya. Wasu sun zo a makare, Rifkatu ta ba su abin wanke miki da maganin rage zafi, shi ma daga kuɗin auduga. Mutanen Nahuce suka ga ba keke ba shanu, suka yanke cewa Sabiru caca yake yi a Gusau. Bai musa ba.

Ranar da Bawa ya iso kasuwar Nahuce, kuɗin sun ƙare ƙaf. Ya tsaya daidai gaban faifan daddawar Inna Hasana, duk da an gargaɗe shi kada ya yi haka, ya buɗe murya ya faɗi shelar har sau biyu. Inna ta ci gaba da korar ƙuda. Da ya gama ta ce masa, "Matsa, ka tare mini masu saye."

Da la'asar ta dawo gida. Sabiru yana bayan zana yana gyaran kotar fartanya. Ta zauna, ta kira Maijidda da murya fiye da yadda ake bukata.

"Kin ji wai wani ya sami kuɗi, yana ta rabo ga direbobi?"

"Na ji, Inna."

"Almubazzari ne. Uwarsa ba ta kwaɓe shi ba yana ƙarami." Ta gyara ɗaurin zanenta. "Gishirinmu ya ƙare?"

Maijidda ta dubi ƙwaryar gishiri, cike take. Ta ce, "Ya ƙare, Inna."

"To, tun da motar kyauta ce, jibi zan je Gusau. Ki gaya wa wancan ya nemo mini wuri gaba, ba ni zama bisa buhu."

Washegari Sabiru ya kai jakinsa Bungudu ya sayar, ya dawo a ƙasa.

Rifkatu ta duba ta, likita ya ce Zariya. Maijidda ce ta raka ta. A tashar jirgi Sabiru ya tsaya nesa, jikin tarin buhunan gyaɗa, kamar wani yake jira. Inna ba ta dube shi ba ko sau ɗaya. Jirgi na shirin tashi ta leƙo ta taga, ta yafito Rifkatu wadda ta zo sallama.

"'Yar nan, mai audugar can da ke tsaye, ki ce ya je ya ci abinci. Tun safe nake kallonsa."

Aka yi mata aiki, ta dawo bayan girbi, ta koma kan faifan daddawarta. Ta zo wa gidan da gishiri, ƙunshi guda.