Tukwicin Gauraka

Armaya'u, kai ka sace gaurakin tafkinmu, kuma ka rataya mani satar a wuya. Tun ranar da ƙanena ya miƙo mani kai kana rarrafe ban taɓa kiran sunanka ba, don riƙon ɗan fari na yi maka. Yau na kira shi. Ni Bara'atu ban yi boko ba, sawa na yi a rubuta yadda na faɗa, kuma na ce kada a tausasa mani ko kalma ɗaya.

Kai ka san komai, amma bari in faɗa don waɗanda ba su sani ba. Ƙauyenmu yana bayan Yasore, a gindin dutse. Bayan dutsen akwai tafki mai doguwar ciyawa. Kowace damina gauraka biyu, miji da mata, kan sauka su yi sheƙa a ciki. Tun kakanni, daga saukarsu har 'ya'yansu su tashi sama, ba a yankar ciyawar wurin, ba a shigar da shanu, ba a kai baƙo bakin sheƙa. Gidan mijina Daudu ke tsaron wannan doka, da ya rasu aka bar mani. Tsofaffi na cewa tafkin ba ya ƙafewa muddin gauraka na ƙyanƙyasa a cikinsa. Ni na san ruwa na Allah ne. Amma abin da aka ba ka tsaro, an ba ka tsaro. A bayana na riƙa goya ka ina bin 'yar hanyar nan ta cikin ciyawa, shi ya sa ka san ta.

Shekarar da motoci suka koma bin hannun dama, wajen ƙarshen damina, sai ga Landiroba a ƙofar gidana. Ka fito da wando irin na ma'aikata, ka durƙusa ka gaishe ni har ƙasa. Ka ce ga maigidanka na ofis, Alhaji Hamidu, daga Katsina, ga kuma wani Bature malamin makaranta da matarsa. Kun biyo ta Safana, kun kwana a duwatsun Zakka, yanzu kuna so ku kafa tanti a kan dutsenmu.

Na tambaye ka mi suka zo nema. Ka ce kallon tsuntsaye da furanni.

Na ce, “Su harba?”

“A'a, Goggo. Su kalla kawai.”

“To su kalla su yi mi da su?”

Alhajin ya yi dariya har yana dafa mota. Ya ce, “Iya, ni ma haka na tambayi Baturen nan da farko, yanzu ga ni ya koya mani yawon banza.” Mutumin ya kwanta mani a rai tun lokacin, ba zan ɓoye ba.

Na ja ka gefe na tuna maka doka. Na ce su hau dutse su hangi abin da za su hanga, dutse na kowa ne, amma ƙafar baƙo ba za ta taka bakin tafki ba. Ka ce haba Goggo, kai ma ɗan gidan ne. Ka rantse mani da kabarin Daudu, mutumin da ya sai da tunkiyarsa ya ɗinka maka kayan makaranta.

Kullum da hantsi ina hawa dutsen nan da ƙwaryar fura a kai, gwiwoyina na ƙara. Ban ji ƙyashi ba. Baƙinka ne. Kuma gaskiya na ji daɗin zamansu. Matar Baturen sai ta kwanta rub da ciki a gaban furen gatarin kurege, wannan ja da rawaya mai murɗaɗɗen baki, ta yi ta zana shi har rana ta ƙona mata wuya. Rumana, duman rafi, har 'yan ƙananan furannin da ke fita a tsagin dutse, babu wanda ba ta tsuguna wa ba. Mijin kuwa da ya ji kukan kazar dutse sai ya daskare kamar an dasa shi. Cilakowa ta wuce, ya yi murna. Mulufi ya sauka kan karan gero da jar rigarsa, ya yi murna. Suka ba ni kifin gwangwani da shayi da aka dafa a risho, na ce masu kifin ya yi wari, suka yi ta dariya.

Rannan Alhaji ya miƙo mani madubin nan mai ido biyu da suke hange da shi. Na ce ba na so. Ya ce sai na gwada. Kai ka riƙe mani shi, Armaya'u, ka juya kaina wajen tafki. Sai ga gauraka a gabana kamar in miƙa hannu in taɓa. Na tsufa ina tsaron tsuntsayen nan, ban taɓa sanin kumatunsu fari ne da ja ba, ban san tukkun kansu haka yake kamar tsintsiyar zinariya ba. Ga 'ya'ya biyu suna tuntuɓe a bayan uwar. Namijin ya buɗe fiffike ya yi tsalle ya rusuna mata. Hawaye suka zubo mani, na ce rana ce ta shiga idona.

Alhaji ya karɓi madubin ya daɗe yana kallo. Na ji ya ce, a hankali, “Kai, Allah ya yi halitta. Ina ma a ce mutum ya buɗe ido da safe ya ga waɗannan a tsakar gidansa.” Ni na ɗauka magana ce irin ta mai sha'awa. Kai kuwa na ga ka dube shi. Sai daga baya na gane irin duban.

Suka naɗe tanti suka tafi lafiya. Ba su taka tafki ba, wannan shaida zan ba su ko a gaban alƙali.

Ba a daɗe ba, ranar kasuwar Batsari, ina zaune a gaban faifan daddawata, rabin ƙauyenmu na kasuwa, sai ga Landirobar nan ta tsaya, an rufe bayanta da tamfol. Ka sauko da turmin atamfa, shuɗiya mai zanen ganye, da ƙunshin goro da kwalbar turare. Ka durƙusa a tsakiyar mutane ka ce saƙo ne daga Alhaji, ya ce a gode mani. Na ce don 'yar furar nan? Ka ce e, Goggo, don fura. Talatu maƙwabciyata ta rangaɗa guɗa. Na raba goron nan layi-layi, kowa ya ci. Ina cikin murna na ji abu na buga tamfol daga ciki. Na ce mi ke nan? Ka ce zabi ne ka sayo wa Alhaji. Na ce to a yayyafa masu ruwa, akwai zafi. Ni da bakina na faɗi haka.

Kafin kasuwa ta tashi na kai wa tela ya yanka ya kalmashe. Da ita na koma gida a jikina.

Tun daga nesa na ji kukan. Namijin gaurakar ne, shi kaɗai, yana kewaya dutse yana kira. A ƙofar gidana na tarar da Hamma, Bafulatanin da ya yi damina guda yana kewayawa da shanunsa ta nesa don girmama dokarmu, ga mai unguwa Sahabi, ga dattawa. Hamma ya ce da hantsi ya ga mota ta ɓoye a bayan dutse, ya ga ɗan gidan nan a gaba, maharba biyu na biye da raga. Bai yi magana ba, don ya ga ɗan gida ne, ya zaci da izini. Sun kama uwar da 'ya'yan.

Na ce ƙarya ne. Na faɗa da ƙarfi. Mai unguwa zanen jikina yake kallo. Can ya ce, “Bara'atu, ni dai tun da nake ban taɓa ganin an ba da turmi don fura ba. Wannan tukwici ne. Kuma ba a tukwici sai an yi kyauta.”

Wa zai musa? Kowa ya sani. Ka aika wa babba da kyauta, ya maido tukwici, ka karɓa, magana ta ƙulle. Kuma kowa ya ci goron.

Ban zauna ba. Da kasuwa ta zagayo na shiga motar 'yan kasuwa har Katsina, na yi ta tambaya har aka nuna mani gidan Alhaji Hamidu a unguwar manyan ma'aikata. Mai gadi ya so ya kore ni, Alhajin ya hango ni ya taso da fara'a. Ya sa aka kawo mani ruwan sanyi, muka gaisa, ya tambayi gwiwoyina. Kafin in buɗe baki ya ce, “Iya, ban san da wane baki zan gode maki ba. Armaya'u ya ce ke kika matsa, kika ce tun da na yaba a kawo mani. Tukwicin ya yi kaɗan, ki yi haƙuri.”

Ya ja ni lambun gidan ya nuna mani gaurakar. Ga ta nan tana takawa a kan ciyawar da aka aske, tsakanin furannin da aka jera a gwangwanaye, fiffike guda a karkace. Ta tsaya jikin katanga tana kallon sama.

Na faɗa mashi gaskiya duka, ban rage ba. Fuskarsa ta canza. Ya zauna a kan dakali ya cire hula. Na ce ba dogon zance nake so ba, a ba ni su in mayar. Ya ce ɗa guda ya mutu a hanya, ɗayan ya riga ya kai wa wani na sama da shi a Kaduna. Uwar kuma an datse mata fiffike daga gaɓa, don kada ta gudu, ba za ta ƙara tashi ba. In na kai ta tafki, dila zai cinye ta. Na ce to ina yaron nawa? Ya ce ya sa maka hannu, an yi maka ƙarin girma, kana Kaduna. Na roƙe shi ya zo ƙauye ya faɗi abin da ya faɗa mani. Ya ce zai duba. Babban mutum ba ya son zama a zauren mai unguwa a ce an kawo mashi kayan sata. Har yau yana dubawa.

Namijin ya yi ta kuka har aka girbe gero, sannan ya tafi. Damina ta zagayo, ba gauraka, ba ruwan kirki. Fari ya sauko ko'ina, har garin Babban Duhu shanu na faɗuwa, mutanen arewa na ta kwararowa. Na sani, kai ma ka sani, ba tsuntsu ya riƙe ruwan ƙasa duka ba. Amma tafkinmu ya tsage, mata na tafiya nesa da tulu, kuma in sun wuce ƙofar gidana sai su yi shiru. An karɓe tsaron tafki daga gidan Daudu. Ba a kirana suna, ba a kirana wankan gawa, ni da na wanke uwayen rabinsu. Daddawata sai baƙi ke saya. Talatu da ta yi guɗa ita ta raɗa mani suna, yanzu har yara na cewa ga Mai Atamfa nan.

Na ji labarin ka sayi Fijo. Na ji kana cewa kuɗin mai sun buɗe ƙasa, masu tunanin ƙauye su zauna a ƙauye. Ka aiko mani da buhun shinkafa lokacin yunwa, na sa an mayar, ka san dalili. Abin hannunka ba zan ƙara karɓa ba, kada gobe a ce wani tukwicin ne.

Gaurakar ba za ta dawo ba, na haƙura da wannan. Sunana nake so. Atamfar na nan a ƙasan adaka, sau ɗaya na ɗaura ta. Ka ɗauko Fijonka ka zo, hanya ta bushe, ba ka da hujja. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ka zauna a zauren mai unguwa Sahabi, a gaban Hamma da Talatu da duk wanda ya ci goron nan. Zan shimfiɗa zanen a gabanka. Ka faɗa da bakinka wa ya yi kyauta, wa ya bi 'yar hanyar cikin ciyawa, kuma mi ke bayan tamfol lokacin da na ce a yayyafa ruwa. Ka zo ina da rai ka amsa, Armaya'u.