Murfin da Baba Ya Yi wa Kifayen Mama

Yayana ne ya jawo mana wannan aiki. Da ciwon gwiwa ya hana Mama fita, sai ya kinkimo wani dogon akwatin gilashi ya girke mata a falo. Ya zuba ruwan gishiri da duwatsu da kifayen teku masu launi iri-iri, ya koya mata yadda ake haɗa ruwan, ya koma garin da yake aiki. Ya kwashi lada, ya bar mu da ɗawainiya.

Mama kuwa ta kamu da son kifayen nan ba kaɗan ba. Da safe sai ta gaishe su kafin ta tambaye mu yadda muka kwana. Akwai wani ja mai ratsin fari da take kira Ango saboda yanga, da wani shuɗi da ta sa wa suna Mai Gulma, don kullum yana bayan dutse yana leƙe. Matar da a da take wuni tana kallon bango, yanzu ita ce mai dariya ita kaɗai. Ni kaina na ji daɗin haka, ko da yake ni ce mai ɗauko bokiti.

Baba kafinta ne. Ya ajiye aiki, amma aikin bai ajiye shi ba. Kallo ɗaya ya yi wa fitilar da ke reto a saman akwatin da wayoyinta a waje, ya ce wannan abin kunya ne a gidan kafinta. Ya shige rumfarsa ta bayan gida, ya fito da wani katako mai duhu da ya daɗe yana ɓoyo, aka yi ta jin zarto da guduma. Da ya gama, sai ga murfi kamar na akwatin amarya, da furanni a sassaƙe a samansa, fitilar ta shige ciki ba a ganin ko waya ɗaya.

Abin alfaharin Baba a duniya shi ne haɗin katakonsa ba ya barin kafa. Kabad ɗin da ya yi, kyankyaso sai dai ya zagaya ya haƙura. Haka ya yi wa murfin nan, ya zauna a bakin gilashin ɗaram, ko iska ba ta samun hanya. Duk baƙon da ya shigo sai an ba shi katin waya an ce ya gwada zura shi a haɗin, Baba na gefe yana murmushi.

Ba a jima ba falon ya fara wani wari irin na tsumman da aka manta a bokiti. Daga nan Mama ta fara tari. Dama tana da asma, sai muka ɗora laifin a kan sauyin yanayi. Rannan ina shara na ce bari in ɗaga murfin in goge, sai na ga cikinsa ya yi baƙi ƙirin da funfuna, ruwa na ɗiga daga katakon.

Mama ta riƙo hannuna. "Rufe, rufe, kada Babanku ya gani."

"Au, dama kin sani?"

"Ina gogewa in ya fita. Dawowa take yi."

"Kina gogewa da wannan ƙirjin naki?"

"Ke dai rufe. Rabon da in ga mutumin nan yana fito yana aiki har na manta. Ki bar shi da abinsa."

Raina ya ɓaci sosai. Na kai ta wurin likita, ya ce ba za ta ci gaba da zama ɗaki ɗaya da funfuna ba. A hanyar dawowa na ce mata zan kira Yaya ya zo ya kwashe akwatinsa da kifayensa. Ta juya tana kallon tagar mota.

Ni ba na iya ɓoye magana. Muna isa na wuce rumfar Baba na zayyana masa komai, har da gogewar da ake yi a ɓoye. Ya shiga falo ya ɗaga murfin, ya daɗe yana kallo. Sai ya ce in kama masa ɗaya gefen, mu kai wa mai shagon kifin ado.

Mai shagon wani mai fara'a ne da hannunsa ba ya rabo da jiƙa. Ya shafa furannin, ya juya murfin, ya girgiza kai.

"Baba, wa ya yi wannan?"

"Ni."

"Wallahi aiki ya yi kyau. Kyan ne ma ya jawo. Ruwan nan da ɗuminsa, fitila kuma tana ƙara masa zafi, kullum tururi na tashi. In bai samu hanyar fita ba sai ya kwanta a katako. Da wani ɗan koyo ne ya yi shi, ya bar kafa nan da can, da ba a yi haka ba."

Baba ya dube ni. "Kin ji ko? Na kai lokacin da ɗan koyo ya fi ni."

"To a bar shi a buɗe mana," in ji ni.

"A buɗe kuma wata rana ki tarar da kifi a kan dadduma," in ji mai shago. "Suna tsalle in sun firgita."

Baba ya nuna wani murfin gilashi da ke jingine. Ka san mai hali ba ya fasa halinsa, abin da yake rufe ruf shi ya ja hankalinsa. Mai shago ya ce gilashi yana rage ƙafewar ruwa, amma yana riƙe zafi, gishiri kuma ya bushe a jikinsa ya tare haske, sai an yi ta wanki. Ya ɗauko wata raga fara mai ƙananan idanu, ya ce wannan tana tare kifi ta bar tururi ya wuce. In kuma ana son katakon, to a huda bayansa, a sa ƙaramar fanka, a shafe cikin da fenti mai hana ruwa shiga.

Fuskar Baba ta ɗan saki. Ya juya murfin, ya sa farce ya danna cikin allon sama, wanda furannin ke bayansa. Farcen ya nutse. Ya danna gefuna, suna nan da ƙarfinsu. Bai tambayi kowa ma'anar haka ba, ya ce a yanko mana raga.

Da muka koma gida ya ɗora murfin a kan bencin aikinsa, ya ɗauki zarto. Mama ta jiyo ƙara, ta dogaro sandarta har bakin rumfa, abin da ta daɗe ba ta yi ba.

"Malam, me kake yi haka?"

"Ina yi wa angonki taga."

"Furannin za ka yanke? Haba Malam, a goge da ruwan kal mai kashe ƙwayoyin cuta a shanya a rana mana."

"Funfunar ta ci cikinsa. Ko an goge za ta dawo."

Ya ci gaba da yanka har allon ya faɗo ƙasa. Ya goge gefunan da samfefa, ya shafa fenti, da ya bushe muka ja raga muka ɗaure, fitila ta koma kan wasu ƙafafu biyu da ya yi mata. Kuma don kada a ce ba shi ya yi ba, kusurwoyin sun haɗu tsaf.

Muka ɗora a kan akwatin. Haske ya sauka har kan duwatsu, Ango ya fito yana yanga, Mai Gulma ya leƙo. Mama ta zauna a kujerarta, allon furannin na kan cinyarta a cikin leda, don na hana ta taɓa shi da hannu.

"Katakon nan tun muna gidan haya kake ɓoyonsa," ta ce. "Ka ce ba a ƙara samun irinsa."

Baba ya kwashe ledar daga cinyarta ya miƙo mini in kai waje.

"Katako ne, ko ba irinsa ba zan samu wani," ya ce. "Ke in kin ƙare da tari, a wace kasuwa zan nemo?"

Mama ta juya wajen gilashin da sauri, ta fara yi wa Mai Gulma faɗa wai ya cika sa ido a maganar manya. Ni kuma na fita da ledar, na fasa kiran Yaya.