Kunya Ɗaya a Shekara

Sabo ba ɓarawo ba ne, a faɗarsa dai. Mutum ne mai haƙuri, kunya ɗaya tak yake ci daga gonar ƙanwarsa Hure kowace damina. Da ruwan shuka ya sauka, sai ya ciro gamban da ya raba gonakinsu na gado, ya dasa shi taku ɗaya gabas, ya karkaɗe hannu. Shekara goma sha biyu yana wannan sana'a. Hure tana aure a Zakirai, ba kullum take leƙo gonar ba.

Shi ya sa da aka ce masu taswira za su zo su auna gonakin ƙauyen, su ba kowa takardar shaida, Sabo har da rawar jiki. Takarda na fitowa ai shi ke nan, kunyoyin sun zama nasa har jikoki.

Ranar awo ya sha babbar riga, ya shige gaban ma'aikaciyar, Malama Khairiyya, yana nuna iyaka, ita kuma tana biye da na'urarta tana ɗaukar kowace kusurwa. Da aka gama, aka taru a inuwar ɗorawa gaban mai unguwa. Hure ta zo, Ɗan Iya ma, maƙwabcin Sabo ta yamma, yana nan.

"Kafin kowa ya sa hannu," in ji Khairiyya, "zan ɗora awon yau a kan tsofaffin hotunan tauraron ɗan'adam, mu ga ko sun dace."

Sabo ya saci kallon sama. Wa ya aiki abin nan na sama ajiye hoto?

Ta buɗe kwamfuta, tana jan yatsa shekaru na wucewa. Sai ga layin gamba yana rarrafe, sannu sannu, yana shiga gonar Hure a idon jama'a. Mai unguwa ya yi gyaran murya.

"Amma Baba, duba ta nan ma," Khairiyya ta ce wa Sabo.

Ya duba. Iyakarsa ta yamma ita ma tafe take, kuma ita ba rarrafe take ba, sauri take yi, kunya bibbiyu a shekara. Ɗan Iya kuwa ya ɗaga kai, ya dage da kallon 'ya'yan ɗorawa.

Innalillahi! Zuciyar Sabo ta tafasa. Ɗan Iya, da suke sahu ɗaya a masallaci! Kunya ashirin da huɗu! Wannan wane irin rashin imani ne? Ya buɗe baki zai yi masifa, sai ya tuna hoton da zai kafa hujja da shi guda ɗaya ne da wanda ya tona nasa asirin.

"In kun yarda da hotunan, mu mayar da iyakokin biyu inda suke a da," in ji Khairiyya. "In ba mai ƙorafi kuma, mu bar awon yau."

Sabo ya san in ya yarda shi ne da riba. Amma fa dole sai ya amsa da bakinsa, gaban mutanen gari, cewa gadon ƙanwarsa ya yi ta gutsura. Ya ji ba zai iya ba.

"Na'urar nan ƙarya take yi," ya ce.

"Wallahi ka riga ni a baki!" in ji Ɗan Iya. "Ina aka taɓa ganin gamba na tafiya?"

Khairiyya ta juya wajen Hure. "Inna, ke fa? Haƙƙinki ne."

Hure ta girgiza kai, ta ce ita ba za ta kai ƙarar wanda suka fito ciki ɗaya ba. Ta dangwala yatsa a takarda, ta gyara mayafi, sannan ta dubi wanta.

"Duk shekara ina ƙirgawa, Yaya. Na yi shiru ne don na ɗauka 'ya'yanka ke ci. Ashe kai ma aikenka aka yi."

Sabo ya ji zafin maganar har cikin ransa. Ɗan Iya ya miƙo masa biro, ya karɓa ya sa hannu.