Hayaƙin Farin Kwano

Aisami ya fito da rarrafe daga cikin tankin ruwa na farin kwano da yake yi wa walda, farin hayaƙi na bin bayansa. Ya zauna a kan tsohuwar taya, ya kwance rawanin da ya naɗe hancinsa da shi, sai tari ya turnuƙe shi har idanunsa suka kawo ruwa.

Tahiru yana tsaye da kwanon shinkafa a hannu. Majo ne, wato babban ma'aikacin jinya, a gidan likita na Gure, bara aka turo shi daga Tawa, matarsa da yara suna can. A garin nan kowa na gaishe shi, amma ba wanda ya taɓa ce masa zo ka zauna. Sai wannan tsohon mai walda, da ya je gyara masa ƙofar gida ya tsare shi da hira, tun daga nan kullum azahar tare suke cin abinci.

"Miƙo mini maganina," in ji Aisami, yana nuna kwalbar nonon raƙumi.

Masu walda sun yi imani nono yana wanke hayaƙi daga ƙirji. Tahiru kuwa ya san nono ciki yake tafiya, huhu ba ya ganin ko ɗigo. Hayaƙin farin kwano ba irin na itace ba ne. Ƙurar ƙarfe ce da wuta ta ƙona, ta fi garin alkama laushi nesa ba kusa ba, tana ratsa rawani kamar babu shi, ta sauka can ƙasan huhu ta kumbura shi. Tahiru ya daɗe yana ba tsohon ƙwayoyi da abin shaƙa, yana ce wa kansa ana samun sauƙi. Shi ma dai nasa nonon raƙumin ke nan.

Ya ajiye kwanon, ya maƙala masa na'urar awon iska a yatsa. Lambar da ta fito ta yi ƙasa ƙwarai.

"Baba, gobe ka shiga motar Damagaram. Sai an sa maka iska, an ɗauki hoton ƙirjinka."

"In na dawo fa?"

"In ka dawo ba walda. Ko da takunkumi mai matata, huhun nan ba zai ƙara ɗauka ba."

"Tankin mutanen Alakos kuma?"

"A ba wani ya ƙarasa."

Aisami ya juya kwalbar a hannunsa, bai sha ba. "In na bar wuta, me ya rage mini a Gure? Ƙauyen Gamu zan koma, wurin ɗiyata Huda." Ya ɗago ya dube shi. "Ka san haka, ko?"

"Na sani, Baba."

Sanin nan ne ya riƙe wa Tahiru baki tun tuni. Kewar tsohon ta kama shi tun bai tafi ba.

Da la'asar Aisami ya kwashe kayan aikinsa ya shigar rumfa, ya jawo ƙofar ƙarfe. Tahiru ya ce a samo kwaɗo.

"Kwaɗo? Wanda na yanka wa mutane ba ya ƙirguwa." Ya tayar da gurup mai ba da wuta, injin ya cika layin da ƙara. "Riƙe mini ƙofar nan."

"Baba, na ce ba walda."

"Ɗigo biyu ne kawai. Kau da idonka, ɗana."

Tahiru ya danna ƙofar da hannu biyu, ya runtse ido. Ya ji ƙarar wutar, ya ji ɗumin ƙarfe na tahowa har tafin hannunsa, ya ji numfashin tsohon na fita da ƙyar kusa da kunnensa. Sai injin ya yi shiru.

Aisami ya yi tari, ya ƙwanƙwasa ɗinkin da guduma.

"Saki mana, ai ta kama."

Sai a lokacin Tahiru ya lura har yanzu yana danne da ita.