Ƙwai Biyar na 'Yar Gado

Shekara biyu da samun mulkin kai, duk Malikanchi babu wanda bai san kazar Sabuwa matar Tanko ba. Ba wata kazar a-zo-a-gani ba ce, 'yar guntuwa ce mai wake-waken gashi da faɗan tsiya. Ƙwanta ne abin kallo. Shuɗi-shuɗi yake fitowa, kamar an tsoma shi sau ɗaya a marina an tsamo, wani kuma ya ɗan karkata zuwa kore. Mata sukan shigo wai aron rariya, su fita sun manta da rariyar.

Mahaifiyar Sabuwa ce ta kiwata irin a Kurmin Kogi shekara da shekaru. Da ta rasu ba ta bar saniya ba, ba ta bar tasa ba, sai wannan kaza ɗaya. Shi ya sa Sabuwa take kiranta 'Yar Gado, take kuma lallaɓa ta fiye da yadda take lallaɓa Tanko, in ji Tankon. Kullum sai ta share akurki ta barbaɗa toka. Ta kifa tsohuwar tukunya da karmami a bakin suri don ta samo mata gara, ta jiƙa mata ɓawon maɗaci a ruwan sha. Sau biyu 'Yar Gado tana ƙyanƙyasa, shaho da muzuru suna raba 'ya'yan tsakaninsu. Wannan karon Sabuwa ta yi rantsuwa sai ta ga sun girma.

Ana haka Malam Ya'u, wan Tanko, ya iso daga kasuwar Makarfi da wani jibgegen zakara ɗaure a bayan keke.

"Irin na Turawa ne," in ji shi, yana kwance igiya. "Na ce bari in kawo wa Sabuwa, tunda ita ce sarkin kiwo."

Sabuwa tana durƙushe tana gaishe shi ta hango abin da ya tsinka mata zuciya. Zakaran ya saki fukafukai, idonsa a lumshe, ga farin kashi ya ɓata kariyar keken. Amma da wane baki mace za ta dubi wan mijinta ta ce tsarabarsa cuta ce? Ta ce, "An gode, Yaya, Allah ya ƙara arziki." Tana kallo ya sake shi da hannunsa a tsakar gida.

Da ta keɓe da Tanko ta ce, "Malam, zakaran nan ba lafiya gare shi ba. A yanka shi tun yanzu."

"A gaban Yaya? Haba Sabuwa. Bari dai ya tafi."

Yaya kuwa sai da ya kwana biyu.

Zakaran ne ya fara mutuwa, sai kajin Sabuwa, sai na maƙwabta. Ta dafa maɗaci, ta daka barkono, ta ɗura musu da hannunta, duk a banza. Malamin dabbobi da ya biyo daga Ikara ya saurare ta da haƙuri, sannan ya ce allurar da ke jakarsa ta shanu ce. A rana ta takwas ta tarar da 'Yar Gado a gindin turmi, wuya a murɗe. Ta zauna a ƙasa ta yi kukan da ba ta yi ba tun ranar da aka fita da mahaifiyarta.

Abin da ya rage ƙwai biyar ne da ta adana a kasko cikin ɗaki. In ta samu kaza mai kwanci kafin su lalace, irin bai ƙare ba. To, ina kazar? Malikanchi ko carar asuba ta ɗauke. Sai ga wata mai tallan nono ta ce ciwon bai kai Kurmin Kogi ba, har ma kazar Yafendo Hassana, ƙanwar mahaifiyar Sabuwa, ta soma kwanci jiya.

Washegari Sabuwa ta yi wanka ta sake zane, kada ta kwashi cuta ta kai musu. Ta jera ƙwan a ƙwarya cikin ƙaiƙayi, ta rufe da faifai. Tafiya take a hankali, ko tuntuɓe ba ta yarda ta yi ba, har rana ta take kafin ta isa.

Tana sallama Zulai, amaryar ɗan Yafendo, ta rugo da fara'a. "Lale, lale! Sannu da hanya, Yaya." Ta sauke mata ƙwaryar daga kai kamar yadda ake yi wa kowane baƙo, ta yi ciki da ita. Sabuwa ta buɗe baki, sai ga muryar tsohuwa daga rumfa: "Wa nake ji kamar 'yar Adda?" Haka take kiran yayarta, mahaifiyar Sabuwa.

Ba a barin tsohuwa tana jira, ba a kuma sako buƙata kafin gaisuwa. Sabuwa ta durƙusa. Aka tambayi Tanko, aka tambayi dawa da gyaɗa, aka yi ta'aziyyar mutum uku da suka rasu tun zuwanta na ƙarshe. Aka sha ruwa, aka sake sabuwar gaisuwa. Daga inda take tana hango kazar a ƙarƙashin rumbu, ta baje a kan ƙwanta. Hankalinta ya kwanta, har ta yi dariya, karo na farko cikin kwanaki.

"Yafendo, dama wata alfarma ce ta kawo ni," ta fara.

Sai ga Zulai da ɗan akushi. Ta durƙusa ta ajiye a tsakaninsu. "Tuwo bai sauka ba, sai na ce bari in dafa muku tsarabar ku taɓa. Ban taɓa ganin ƙwan agwagwa ƙanana haka ba."

Biyar ɗin ne cif, suna tururi, ɗaya ya tsage.

Yafendo ta ɗauki guda ta kai kusa da idonta. Ta daɗe tana juya shi. "Wannan ai na kazar Adda ne," ta ce a hankali. "Kazar tana nan?"

Sabuwa ta girgiza kai.

Zulai ta dubi wannan ta dubi waccan, fara'arta tana gushewa. Sabuwa ta nemi wanda za ta ɗora wa laifi ta rasa. Zulai kirki ta yi, Yaya Ya'u ma kirki ya yi.

"Sannu da aiki, Zulai," ta ce.

Ta miƙa hannu ta ɗauki ɗaya ta rufe shi a tafinta. Da ɗuminsa, kamar yanzu aka zaro shi daga ƙarƙashin kaza.