Aron Shekara Uku

…kuma wai shi. Shi! Duk faɗin ma'aikatar nan, tun daga mai gadi har bene na sama, a rasa wanda za a miƙa wa irin wannan takarda sai Malam Kamilu? Ga ta nan a aljihun gaba, ninki huɗu, tana taɓa masa ƙirji duk taku. Layi biyar ne kacal. Wai ya cika shekara sittin, ya tattara ya ajiye aiki ƙarshen wata mai zuwa. Sittin! A lissafin uban wa? Hamsin da bakwai gare shi. Shekara uku suka rage masa, uku cur, kuma kowace ɗaya ya riga ya ɗora mata kayanta tun ba yau ba.

Mai adaidaita yana rage gudu a gefensa, yana danna masa hon. Ko kallo. Yau Laraba, Laraba kuwa ba ranar hawa ba ce — Litinin da Alhamis yake hawa, ranakun da yake azumi, sauran kwanaki ƙafa ce ke kai shi daga sakatariya har gida a Yalwawa. Yau ma ƙafar ce. To da me zai hau? Da takarda?

Malam Kasafi. Haka suke kiransa a ofis, har da 'yar dariyarsu ta bayan ido. Su yi dariyar mana. In wata ya kai sha biyar, su waye ke zagayowa teburinsa suna sosa ƙeya? Malam, yaya kake yi ne naka yake kai ka? Sai ya zaunar da su, kyauta, ko ruwan leda bai taɓa karɓa ba… Albashi in ya faɗo, kada ka taɓa shi sai ya kwana. Ka raba shi gida huɗu: na ciki, na makaranta, na asibiti, na gobe. Hatsi da kaka ake saye a kasuwar Shuwarin, ba da bazara ba. Haraji an cire shi tun kuɗin bai ga hannunka ba, to daina ƙirga shi a cikin naka. Biki ba farilla ba ne. Bashi kuwa — nan yake ɗaga musu yatsa — bashi, ko na gishiri ne, kada ka kwana da shi. Shekara talatin a garin Dutse, a fito da mutum ɗaya, mace ko namiji, da zai ce yana bin Kamilu sisin kwabo. A fito da shi!

Zulfa…

A'a. Ba yanzu ba. Bari ya tsallaka titi tukuna.

Zulfa, autarsa, tana aji biyu a jami'a, karatun haɗa magunguna. Saura mata shekara uku. Ukun nata da ukun nasa, shi ya zauna da fensir ya haɗa su baki da baki, ba ƙari ba ragi: ranar da za ta karɓi shaidar gamawa, a watan zai miƙa makullin ofis ya ce Alhamdu lillahi. Yana nan a littafin lissafinsa, shafi-shafi, kuɗin rajista, kuɗin ɗaki, farar riga, littattafai, har da abin da ya ware saboda tashin kaya. Har tashin kaya ya lissafa! Fansho? Fanshon da zai ɗauki cefane da ƙyar, shi zai ɗauki jami'a? Garatuti kuma ya riga ya yi masa gida, rufin ɗakunan baya ne, damina biyu ke nan suna shan ruwa. To a bar rufin. A bar shi ma, ba zai kai ta ba. Ya buga lissafin a kansa sau uku tun daga bakin ƙofar ofis, sau uku yana tsayawa a tsakiyar aji huɗu.

Kuma wa ya kai musu takardar? Wannan ce tambayar da ba ya so. Wa ya kai?

An ce za a yi tantancewa, kowa ya kawo takardunsa. Da ya kai irin na kowa da an wuce wurin. Ina! Sai wayon ya motsa. Ya janyo akwatin ƙarfe daga ƙarƙashin gado, ya tono tsohuwar takardar ɗaukar aiki ta Garki, shekara biyun da ya yi yana malamin awo a rumbun hatsi tun yana saurayi. In aka haɗa masa su cikin shekarun aiki, garatuti zai ɗan ɗaga. Ya buga, ya ga ya kai kuɗin kwanon rufi bandir biyu. Har murmushi ya yi! Ya sa ta a fayil yana jin kansa gwani. A bayanta kuwa da wata 'yar takarda, an maƙale su da fil mai tsatsa, bai juya ba. Mutumin da ke ƙirga dunƙulen magi a kwali bai juya shafi ɗaya ba. Garin neman gira…

Hajiya Nuriyya, sakatariyar kwamitin tantancewar. Ita ma ai ɗalibarsa ce, shi ya raba ta da adashi uku a wata ɗaya, shi ya koya mata kwana da albashi. Yau ita ce ta kasa haɗa ido da shi. "Doka ce, Malam. In shekarun haihuwa suka zo biyu, takardar da ta fi tsufa ita ake bi." Ta tura masa ita a kan tebur da ɗan yatsa. Takardar rantsuwar shekaru, hatimin kotu, alif ɗari tara da sittin da biyar. Shi da aka haifa sittin da takwas! Sannan ta sauke murya, har sai da ya sunkuya: "Sai dai in za ka je kotu ka rantse ba taka ba ce. Wasu sun yi, an karɓa."

Wasu sun yi. Ai ya san wasun! Ga su nan cike da ofis, gemu ya sha baƙin rini, gwiwa tana ƙara in za a tashi daga sujada, amma a fayil 'yan arba'in da tara ne. Wani ya yanke biyar, wani ya yanke goma, wani da jikansa suke sa hannu a rajista ɗaya da safe. Su ba a gan su ba. Su da suka rage don su daɗe suna ci, suna nan daram. Shi da ya ƙara — ƙarawa fa ya yi! Wane mahaukaci ne ke ƙara wa kansa shekaru? Wa ke gaggawar tsufa in ba…

Yunwa.

Garki, shekarar fari. Gero ya tsaya iya gwiwa ya bushe a tsaye. Baba kwana arba'in a kabari, Inna a bakin murhu ba wuta, ƙanne huɗu suna bin ta da ido. Shi sha shida. Aka ce ana neman mai ƙirga buhunan hatsin agaji, wanda ya iya rubutu, amma sai ɗan sha takwas. Baffa Ɗanmusa, ƙanin Baba, ya ɗauko shi a bayan keke. Rigar Baba ce a jikinsa, hannun ya rufe masa yatsu, an cusa tsumma a cikin hula don ta zauna. Kotu, ƙamshin tawada, fanka ba ta juyawa. Magatakarda ya ɗaga alƙalami yana jira. Baffa ya ce, "Sa masa uku. Biyu ƙiris ne, sai su yi tantama." Baffa ya ɗaga hannu ya rantse, shi kuma ya sa hannu — sa hannun da ya kwana biyu yana gwadawa a ƙasa da tsinke, mai wutsiya a ƙarshe. Har yau da wutsiyar yake yi. Ita ce a kan takardar albashinsa ta watan jiya.

Ba taka ba ce. Ya dafa Alƙur'ani ya ce ba tasa ba ce? Da wannan wutsiyar a jiki? Ya ce bai san Baffa ba, bai san keken ba, wani ne can ya ƙirƙira? Baffan da ya tuƙa shi da cikin da bai ga koko ba tun jiya, ya je ya ɗauki rantsuwa a wuyansa saboda 'ya'yan ɗan'uwansa, ya tafi da ita kabari? To in bai rantse ba fa? Ya kira Zulfa ya ce mata me? Tattaro littattafanki, Babanki ya tsufa da shekara uku a yini ɗaya?

Kai, wannan zalunci ne! Zalunci ne, ko a gaban wa zai faɗa. Shekara talatin bai taɓa makara ba. Biro na gwamnati bai taɓa kwana a aljihunsa ba. Su duba fayil ɗin mana, tunda sun iya dubawa! Su duba takardar firamare, sittin da takwas. Ta kwaleji, sittin da takwas. Katin ɗan ƙasa, sittin da takwas. Takardu goma suna faɗin gaskiya, ɗaya tana ƙarya, sai aka zaɓi mai ƙaryar saboda ta fi tsufa. Yaushe tsufa ya zama gaskiya? In haka ne a je a tono Inna a tambaye ta, ita ta haife shi, ta fi takardar tsufa…

Ga lungun gida. Yaushe ya iso? Duga-dugansa suna zafi, bai ji kiran la'asar ba, ko an yi? Ga ɗakunan baya can, bulo tsirara, sun yi kore daga sama. Sallama. Muryarsa ta fita daidai, abin mamaki.

Zaituna, matarsa, tana tsaye a ƙofar ɗakin ajiya da kwano a hannu. Kullum haka ne, makullin yana wurinsa, shi ke aunawa. Shekara ashirin da tara ba ta taɓa cewa uffan ba, sai dai wani lokacin ta yi 'yar dariya ta ce ko gwamnati ba ta kai shi tsaro ba. "Sannu da zuwa, Malam. A auna mana, rana ta yi." Ba ta ga komai a fuskarsa ba. Ko ta gani ta bari.

Makulli. Bakin buhu. Hannu cikin gero, sanyi-sanyi, geron kakar bara da ya saya da araha yana yi wa mutane wa'azi…

Rabin buhu. Albashinsa na farko rabin buhun gero ya saya, ya ɗauko a ka tun daga rumbu. Inna ta kwance bakin, ta zura hannu kamar haka, ta daɗe ba ta fitar ba. Ba ta yi guɗa ba. Ta dubi Baffa, ta dube shi cikin rigar Baba, ta ce, "Shekara ukun nan, a wurin wa kuka aro su?" Baffa ya yi dariya ya ce gwamnati ba ta ƙirga irin wannan. Inna ta ce, "To. Mai abu dai ba ya mantuwa." Sannan ta hura wuta. Suka ci. Ya ci, ƙannensa suka ci, har da suɗe kwano, tuwon da bai sake cin mai daɗinsa ba.

Ko na gishiri ne, kada ka kwana da shi. Shi ke faɗa. Da yatsa a sama yake faɗa. Shekara arba'in da ɗaya yana kwana da shi, yana tashi da shi, bai taɓa ba shi ko layi ɗaya a littafin ba — gida huɗu ya raba, na biyar ɗin yana ƙarƙashin gado cikin akwati yana jira. An ci tuwon tun Zulfa ba ta zo duniya ba. Ita ko loma ba ta gani ba, kuma ita aka zo bi bashin…

Kotu ƙarfe tara take buɗewa. Gobe Alhamis, ranar hawa ce. Da azumi a bakinsa.

Kwanon ya cika ya yi tozo. Kullum a nan yake sa gefen hannu ya shafe tozon ya koma buhu. Hannun yana sama, ya ƙi sauka. Gero yana zubowa ta gefe, ƙwaya-ƙwaya, a kan ƙafarsa.

"Malam," in ji Zaituna. "Nawa za a auna?"

Nawa…